Jar leza mai ƙarfi: yadda za ka zaɓa, ka haɗa, zafin Marwa bai kashe maka ita ba

Salamu alaikum 'yan uwa masu taɓa waya da dalma. Samari da yawa a Marwa da Garwa har su Kusiri da Injamena sun shiga harkar jar leza, wani so yake ya zana suna a jikin fata ko ƙwarya, wani layi miƙaƙƙe kawai yake nema don yankan yadi ko shimfiɗa tayil, wani kuma sha'awa ce dai ya ga haske ya kunna ashana daga nesa. Duk ba laifi. Amma kusan kowa da tambaya ɗaya yake zuwa, wai mW nawa ce, wato ƙarfin haskenta, kuma ni a ganina wannan ita ce tambayar ƙarshe da ya kamata a yi. Kuɗinka ya fara tafiya wajen tabarau na kare ido, sai direba, wato ɗan haɗin da zai riƙe kuran, wutar da ke shiga, sai ƙarfen da zai shanye zafi, abin da ya rage shi ne na dayod ɗin, ƙwayar da ke fitar da hasken. Wanda ya juya wannan jeri to ko dai ya ƙona dayod a daren farko ko ya taɓa idonsa, na biyun kuwa ba a sayo wani a kasuwa.

Mu fara da lambobin da ake rubutawa a jikin modul, wato lezar da aka riga aka haɗa a cikin gidanta. Wadda take da nm a gaba launi take nufi. Jar leza ta kasuwa kala biyu ce galibi, akwai 650 zuwa 660 nm wato ja mai duhu irin na cikin injin DVD, akwai kuma 635 zuwa 638 nm wanda ya ɗan karkata wajen ruwan lemo. Tazarar kamar ba komai amma ga ido babba ce, don idon ɗan adam ya fi jin haske a wajen 555 nm, kore kenan, duk yadda ka matsa wajen ja ganin raguwa yake. Idan ƙarfinsu ɗaya, 638 za ta yi maka haske kusan ninki uku na 660. Ana cewa ido ba mudu ba ya san kima, to a nan fa bai sani ba, leza 660 mai 200 mW za ka ga ba ta kai 638 haske a jikin bango ba ka ce ai ba ta da ƙarfi alhali ta isa ta lalata ido kafin ka ƙifta.

Lamba ta biyu ita ce mW, ƙarfin hasken da ke fita. Dokar duniya ta IEC 60825 ta kasa su aji-aji, har 1 mW aji 2, har 5 mW aji 3R, daga nan har 500 mW aji 3B, abin da ya wuce 500 mW aji 4. Aji 2 ƙiftawar ido tana kare ka, kusan kwata na sakan ɗaya ce. Daga 3B ƙiftawa ba ta da amfani, hasken ya riga ka. Aji 4 kuwa ko ɗigon da ya sauka a bango ka tsaya kana kallo kusa yana iya cutarwa, kuma yana ƙona fata yana tada gobara. Dalili shi ne ƙwayar ido tattara haske take yi ta kai shi can baya wuri ɗan mitsitsi, ƙarfin ya ninku wajen sau dubu ɗari a wurin, kuma bayan idon nan ba ya jin zafi, ba za ka ji komai ba sai dai daga baya ka lura akwai wani baƙin ɗigo a tsakiyar duk abin da kake kallo, karatu ya gagara, zaren allura ya gagara, tela ko mai gyaran waya ya san abin da wannan ke nufi ga sana'arsa.

Shi ya sa tabarau. Ba na rana ba, ba na masu walda ba, wallahi waɗannan ba su da wani aiki a nan, na ranar ma ƙara buɗe ƙwayar ido yake yi. Tabarau na leza ana rubuta abu biyu a jikin gilashin, iyakar nm da yake tarewa da kuma lambar OD. OD 1 yana rage haske sau 10, OD 2 sau 100, OD 3 sau 1000, haka dai. Kenan leza 500 mW ta bi ta OD 3 saura 0.5 mW. Ka nemi wanda 630 zuwa 670 nm ke cikin iyakarsa, OD 3 ko sama, in da alamar EN 207 ya fi. Kuma ka lura da kyau don a nan mutane ke faɗawa, gilashin tare jar leza shuɗi ne ko kore, jan tabarau ko ruwan lemo da wasu masu sayarwa ke sakowa kyauta a kwali na shuɗiyar leza da koriya ne, jan haske wucewa yake ta cikinsa salin alin. In ya iso ka gwada shi ba a fuskarka ba, ajiye shi a tebur ka haska ƙaramar leza ta ciki zuwa farar takarda, in ɗigon ya fito da haskensa to kwalliya ka saya.

Sai maganar ƙaryar da ke jikin kwali. Za ka ga abu kamar biro an rubuta 5000 mW ko 10000 mW, araha kuma kamar a ba ka kyauta. Ba sai kana da injin auna haske mai tsada ba, multimita ta isa ta tona asiri. Dayod ba ya fitar da abin da ya fi wanda ya ci, jan dayod mai kyau wajen kashi ɗaya cikin uku na wutar da ya sha yake mayarwa haske, sauran duk zafi ne. Misali HL63193MG, dayod 638 nm mai 700 mW, yana shan kuran wajen 800 mA a volt biyu da ɗoriya. To in ka sa multimita a layin batir ka ga modul ɗinka 30 ko 40 mA yake ja a volt 5, lissafa mana, 0.2 W ne gaba ɗaya abin da ya shiga, ta ina 500 mW za ta fito? Wannan ɗan 5 mW ne aka sa masa babbar riga. Akwai ƙaryar da ta fi wannan haɗari ma, wadda aka rubuta 5 mW alhali ta ninka haka sau da yawa, ita ce ke ƙarewa a hannun yara a gida.

Wacce za ka saya ya danganta da aikin. Mai son layi don yanka ko daidaita abu, 5 mW mai gilashin layi ko kuros ta ishe shi, kada ya wahalar da kansa, volt 3 ko 5 take ci ba ta ma ɗumi. Mai son zane a fata ko katako siririn ɗigo yake bukata, a nan 650 zuwa 660 nm mai 150 zuwa 250 mW irin ta DVD ta fi, don haskenta daga wuri guda ɗan ƙarami yake fita, yana tattaruwa tsaf. Manyan 638 ɗin nan, su ML501P73 na Mitsubishi mai 500 mW da HL63193MG da na ambata, don injin haska hoto a bango aka yi su, bakin da haske ke fita a jikinsu mai faɗi ne, shi ya sa in ka haska nesa ba ɗigo za ka gani ba sai ɗan sanda a kwance, gyara shi sai da ƙarin gilasai na musamman. Suna da kyau don fitilar biki da wasan haske amma a zane ba su kai yadda lambarsu ke nunawa ba. Kuma gaskiya in sana'a ce sosai kake nufi, yankan katako ko zane da yawa kullum, shuɗiya mai 445 zuwa 450 nm ake amfani da ita don ita ce ake samu da watt masu yawa, ja ta koyo ce da ƙananan ayyuka.

Farashi. Abin da zai sauƙaƙa maka, sefar mu a Kamaru da Chadi ɗaure take da yuro, yuro ɗaya 655.957, don haka a AliExpress ko wani shafin saye ka mai da kuɗin zuwa yuro ka ninka da 656, dala kuwa hawa da sauka take. Abu na yuro 20 sefa 13,120 kenan kafin kuɗin aike da na duwan da ladan wanda zai biya maka da kati in ba ka da shi. Ƙananan 5 mW ɗin nan a jaka ake sayar da su, guda ba ya kai yuro ɗaya ko biyu. Modul mai kaurin 12 mm na 100 zuwa 200 mW da direbansa a ciki daga 'yan yuro kaɗan ne zuwa goma sha wani abu. Manyan 638 masu akwatin alminiyom da fanka da wayar TTL, wadda ta ita na'ura ke kunna lezar tana kashewa, suna shiga gomomin yuro, tabarau na gaske shi ma a gomomin yake, sau da yawa ya fi lezar kanta tsada kuma haka ya kamata. In ka ga mai 1 W da kuɗin katin waya ka wuce abinka, araha ba ta ado. Kafin ka biya ka tambayi mai sayarwa sunan dayod ɗin da ke ciki da mA ɗin da aka saita, wanda ya kasa faɗa bai san kayansa ba. Batir kuma kar ka yi odarsa, jirgi ba ya son ɗaukar lithium, ƙwayar batir 18650 na cikin tsohon batirin laftof ya wadatar, sai dai ka sani na gaske ba ya wuce wajen 3500 mAh, masu 9900 ɗin nan rubutu ne kawai.

Wanda aljihunsa bai kai ba ko yake son koyo da hannunsa, hanya mafi kyau ita ce tsohon injin DVD na kwamfutar tebur, wajen masu gyara a kasuwa suna nan jibge ba mai tambaya. Amma mai rubutawa za ka nema, wanda aka sa DVD-RW 16x ko sama, mai karantawa kawai dayod ɗinsa wajen 5 mW ne, na laftof kuma raunana ne ga wuyar cirewa. Ka kwance har ka kai ɗan keken nan da ke zirga-zirga a kan sanduna biyu, a cikinsa dayod biyu ne, ja na DVD da kuma na CD mai 780 nm. Na CD ɗin nan ka yi hattara da shi ƙwarai, ido kusan ba ya ganinsa, ɗan ja-ja kawai za ka gani kamar ya mutu alhali yana aiki da ƙarfinsa. Don bambancewa ka ba kowanne kuran kaɗan kamar 20 zuwa 30 mA ba tare da gilashi ba, ka fuskantar da shi ga farar takarda, na DVD zai ba da ja sosai, ɗayan sai kyamarar waya ce za ta nuna shi da kyau. Ko da wasa kar ka leƙa ciki.

Dayod ɗin ɗan gwangwani ne mai 5.6 mm da ƙafa uku. Yana tsoron wutar jiki irin wadda ke tsartuwa lokacin hunturu in ka taɓa ƙofar mota, don haka ka taɓa ƙarfen da ke ƙasa kafin ka ɗauke shi, kuma in za ka ajiye ka naɗe ƙafafun da siririyar waya su haɗu. Ana danna shi ne cikin gidan tagulla ko ƙarfe mai 12x30 mm wanda ake kira Aixiz, a matse shi a hankali da bais, abin matse ƙarfe na kan tebur, ba guduma. Lokacin dalma kar bakin ƙarfen ya wuce sakan biyu ko uku a kan ƙafa. Yawancin na DVD jikin gwangwanin shi ne negatif, amma ba duka dayod ba ne haka, in saye ka yi ka nemi takardar bayaninsa da lambarsa ka duba.

Yanzu direba, nan ne zuciyar aikin. Dayod na leza bai san ƙoshi ba, kamar akuya ce ta samu buhun dawa a buɗe, ci za ta yi har cikin ya kashe ta. In ya yi ɗumi sai ya ƙara jan kuran, ƙarin kuran ya ƙara masa ɗumi, cikin ƙiftawa ɗan madubin da ke bakinsa ya ƙone, shi ya sa ba a taɓa jona shi kai tsaye da batir ko cajar waya ko da volt ɗin ya yi daidai. Abu mafi sauƙi da kowane mai sayar da kayan rediyo ke da shi LM317 ne, ɗan mai daidaita wuta mai ƙafa uku. In ka riƙe shi rubutun na kallonka ƙafafu ƙasa, daga hagu ADJ ne, sai OUT, sai IN. Batir ya shiga IN, ka sa rezistans tsakanin OUT da ADJ, daga ADJ ɗin ka ja waya zuwa pozitif na dayod. Lissafin guda ne, 1.25 a raba da om ɗin rezistans. Om 10 zai ba ka 125 mA, biyu masu om 10 kafaɗa da kafaɗa, ƙafafunsu haɗe ta gefe biyun, sun zama om 5, 250 mA kenan. Ka sa masu rabin watt ko watt guda. A gefen dayod ka ƙara kondansata kamar 10 zuwa 47 µF da 1N4007, dayod na yau da kullum wanda ba ya haske, a juye don kariya. LM317 da rezistans ɗinsa suna cinye wajen volt 3, dayod yana son biyu da rabi zuwa uku, don haka 18650 guda ɗaya ba zai yi ba sai biyu a jere, 7.4 V. Da batirin moto ko na sola mai 12 V ma zai yi amma rarar duk zafi za ta zama a jikin LM317, wajen watt biyu, dole ka ɗaura masa nasa ƙarfen, kuma ka tuna batirin sola in yana caji yana haura volt 14, modul ɗin da aka rubuta 12 V cif bai son haka.

Kar ka gwada sabon direba a kan dayod na gaske. Jera 1N4007 guda huɗu da rezistans om 1 a bayansu, wannan shi ne dayod na gwaji, ka jona a maimakonsa, ka auna mV a kan om 1 ɗin, abin da ka gani shi ne mA ɗinka, 250 mV na nufin 250 mA. In ya yi daidai ka cire batir, ka haɗa ƙafafun kondansata da waya ya zubar da abin da ya riƙe, wannan matakin shi ake mantawa kuma shi ke kashe dayod tun kafin ya haska sau ɗaya, sannan ka lika na gasken da dalma sosai. Makunni a gefen batir ake sa shi, ba tsakanin direba da dayod ba, waya mai rawa a wannan wurin ajali ce.

Nawa za ka ba shi? Masu wannan harka a ƙasashen sanyi suna tura na 16x zuwa 20x wajen 250 mA har sama. Mu ba a can muke ba. Jan dayod ya fi shuɗi raki a zafi nesa ba kusa ba, yana ɗumi haskensa na faɗuwa launin ma yana ƙara duhu, kuma manyan 638 ɗin nan iyakar zafin aikinsu a takarda digiri 40 ne a jikin gwangwani. To a watan Afrilu a Marwa ko Injamena iskar inuwa kanta tana wuce 40, balle shago mai rufin kwano da azahar, kenan tun kafin ka kunna ka riga ka haye iyaka, kuma fanka ba ta iya sanyaya abu ƙasa da iskar da take hurawa. Shawarata a nan ka rage kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar daga abin da aka rubuta, na DVD ka tsaya 180 zuwa 200 mA, bambancin a wajen ƙuna kaɗan ne amma kwanansa zai yi tsawo sosai. Gidan 12 mm ɗin nan shi kaɗai bai isa ba, ka samo ƙarfen alminiyom na kan furosesar tsohuwar kwamfuta, a huda masa rami 12 mm, ka shafa farin man nan na furosesa ka zura shi ya kama tsam. Aiki da sassafe ko bayan isha'i, minti ɗaya a kunne ka ba shi hutu, taɓa ƙarfen da bayan yatsa, in ya fi jikinka ɗumi sosai kashe. Mai babbar 638 da zai yi aiki da rana a bazara sai ya haɗa da Peltier, ɗan falle mai sanyaya abu da wutar lantarki, shi kuma wani cin batir ne daban.

Ƙura ita ce ta biyu. Lokacin hazo za ka ga sandar hasken a iska gwanin kyau, amma ƙurar nan in ta zauna a gilashi hasken toya ta yake ta manne, ɗigon ya yi ɓutu-ɓutu. ML501P73 ma buɗaɗɗe ne ba shi da tagar gilashi a bakinsa, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa, don haka ka haɗa shi a ɗaki rufe kuma kar ka riƙa kwance gilashin gaba kana mayarwa. Gilashin roba da ke zuwa da gidan yana yi wa ƙananan ƙarfi, in ka doshi 200 mW ka sayi na gilashin gaske mai zaren M9, wanda aka yi wa rufin jan haske. Gama aiki ka toshe bakin da murfi ko ɗan salatif.

Ranar kunnawa ta farko ka ɗaure modul ɗin a bais yana kallon ƙasa ko bulon siminti, ba a hannu ba, tsayinsa ƙasa da ido ko kana zaune. Cire agogo da zobe, kawar da madubi da faranti na silba da fuskar waya, duk abin da ke ƙyalli yana maido haske ta inda ba ka zata ba. Rufe ƙofa, wanda ba shi da tabarau ya fita, yara musamman. Sa tabarau kafin batir. Sannan ka juya gilashin gaba a hankali har ɗigon ya zama mafi ƙanƙanta a tazarar kamar santimita 5 zuwa 10, a kan baƙin kwali za ka ga hayaƙi ya tashi. Jan haske baƙi da duhu yake kamawa, farar takarda da jan abu mayar da shi suke, shi ya sa ƙwarya mai haske sai ka ɗan shafa mata baƙin tawadar alƙalamin maka ko gawayi a layin zanen sannan ta kama. Fata kuwa ka nemi wadda majemanmu suka jeme da bagaruwa, ita ce ke karɓar zane da kyau, wadda aka jeme da sinadarin kurom na masana'anta hayaƙinta guba ne, haka ledar kujera da bututun PVC, waɗannan gas mai kulorin suke fitarwa yana cin huhu yana sa ƙarfe tsatsa, kar ka ƙona su sam. Ko fatar kirki ce ka sa fanka ta ja hayaƙin waje.

Waje kuma, don Allah 'yan uwa. Filin jirgin Salak na Marwa yana nan, na Garwa da na Injamena kusan a cikin gari suke, hasken da kake ganin ɗan ɗigo ne in ya kai gilashin matuƙi bajewa yake ya rufe masa gani daidai lokacin sauka. Kuma kowa ya san halin tsaro a yankinmu, jan ɗigo ya sauka a jikin soja ko jandarma a shinge da dare ba zai tsaya tambaya ko wasa kake ba, abin saitin bindiga zai ɗauka. Haka mai moto a hanya, haka dabba. Ka bar ta a shago, in ka tashi ka cire batir ka kulle su wuri daban. In tsautsayi ya sa haske ya shiga idon wani, ko bai ji komai ba a kai shi wajen likitan ido a ranar, ka rubuta nm da mW a takarda ka tafi da ita.

In wata rana ka kunna ka ga ja mai rauni bajajje ba ya tattaruwa duk yadda ka juya gilashi, kuma multimita ta nuna kuran na tafiya daidai, madubin dayod ɗin ne ya ƙone, ƙara masa kuran ba zai dawo da shi ba. Fitar da shi ta baya da siririn ƙusa, gidan da gilashin da direban duk suna nan da amfaninsu, amma kafin ka danna sabo ka mai da direban kan 1N4007 huɗun nan ka sake aunawa, ka kuma girgiza kowace waya ka ga ko akwai mai rawa.